Idan Miji da Mata Suka Rubuta Fim Tare, Labarin Na Wane Ne?

A ranar 17 ga Maris, 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka yi tun 1988. Abin da 'yan fim suka fi tattaunawa a kanta shi ne satar fasaha a intanet, saboda ta buɗe wa mai aiki hanyar da zai sa a sauke fim ɗinsa daga shafin da ya ɗora shi ba da izini ba. Amma akwai wani ɓangare na dokar da ba a cika ɗaga shi ba, alhali ya shiga har cikin ɗakunan wasu gidaje a Jos, wato hukuncin aikin da mutum biyu suka haɗu suka rubuta.

Miji da mata sun zauna sun rubuta fim, an biya kuɗi, an sa suna a allo. Labarin na wane ne? Wasu na ganin tambayar ma ba ta taso ba, tunda gida ɗaya ne, tukunya ɗaya. Doka ba haka take kallon abin ba, fiƙihu ma haka, kuma galibi ba a gane bambancin sai ranar da aure ya mutu ko ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya.

## Yadda sana'ar ta shigo cikin gida

Jos tsohuwar hannu ce a harkar fim. A nan hedikwatar Hukumar Shirya Finafinai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, wadda kuma aka naɗa Ali Nuhu ya shugabanta a Janairun 2024. Ga Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa, ga kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield, ga sashen wasan kwaikwayo da fim a Jami'ar Jos. Shekara da shekaru waɗannan wurare suna yaye masu ɗaukar hoto da editoci da marubuta, kuma da yawa daga cikin ƙwararrun da Kannywood ke ji da su 'yan Jos ne.

Kasuwar ce ta fara sauyawa. Zamanin kaset da faifan CD, fim kashi na ɗaya ne da na biyu, marubuci ya gama ya huta. Tun da Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014, daga baya kuma YouTube ya zama kasuwa mai zaman kanta, fim mai dogon zango ya karɓe fage. Kowane mako masu kallo na jiran sabon kashi, zango na ƙarewa ana tambayar na gaba. Wannan ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Babbar tasha tana iya ɗaukar ayarin marubuta ta biya su albashi. Ƙaramin furodusa ba shi da wannan ƙarfin, mutum ɗaya yake ba wa aikin, shi kuma ya nemi taimako inda ya fi kusa da shi.

Inda ya fi kusa kuwa sau da yawa akwai marubuciya. Tun tsakiyar shekarun 1980, da littattafan kasuwar Kano suka bunƙasa, mata ke da babban kaso a rubutun zube na Hausa. Yau da yawansu sun koma WhatsApp da Wattpad da Facebook, suna sakin labari shafi-shafi, masu karatu na tura kuɗi ta banki. A masana'antar da aka saba jaruma ta daina fitowa da zarar ta yi aure, rubutu ne ƙofar da ta rage a buɗe ga matar aure. Ba sai ta je lokeshin ba, ba kuma a ganin fuskarta.

A ɗauki misalin wani gida a Unguwar Rogo. Maigidan ya yi kwas ɗin rubutun fim, ya san yadda ake yanka labari sin-sin, wato fitowa-fitowa, ya san abin da kyamara za ta iya ɗauka da abin da aljihun furodusa ba zai kai ba. Uwargidan ita ce ta san yadda kishiya ke gaishe da kishiya da safe, da irin maganar da uwar miji ke faɗin rabi ta bar rabi a ciki. Bayan yara sun yi barci, tana cikin bargo saboda sanyin Jos tana danna maganganun jarumai a waya, shi yana gefe da kwamfuta yana jera su. Shi ne ke zuwa zama da furodusa, shi ne ke karɓar kafin alƙalami. Ranar da ake haɗa sunaye, edita ya kira shi: "Malam, wa za a sa a labari da tsarawa?" Ya ce, "Sa nawa kawai, ai duk ɗaya ne." Galibi ba zalunci ake nufi ba. Wani lokacin ma ita ce za ta ce, "Maigida, don Allah kar a sa sunana, kada 'yan gidanmu su gani." Sai dai wannan amsar ta minti ɗaya tana da nauyi a gaban alƙali, domin doka ta ce sunan da ya bayyana a jikin aiki shi ake ɗauka a matsayin sunan mai shi, har sai an kawo hujjar da ta nuna akasin haka.

## Abu biyu ake mallaka

Haƙƙin mallaka shi ne ikon da doka ta ba wanda ya ƙirƙiri aiki na hana wani kwafe shi, ko buga shi, ko fassara shi, ko mayar da shi fim, sai da izininsa. Ba sai an yi rajista yake tabbata ba. Da zarar mutum ya yi ƙoƙarin kansa ya samar da aiki, ya kuma ajiye shi a takarda ko a waya ko a wani abin da za a iya komawa gare shi, haƙƙin ya hau. Rajistar da ake yi a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ba tilas ba ce, amfaninta shi ne ta zama hujja idan gardama ta taso.

Inda mutane ke rikicewa shi ne sun ɗauka rubutun fim da fim ɗin abu ɗaya ne. A wurin doka, rubutun aikin adabi ne, sahu ɗaya da littafi da wasan kwaikwayo, kuma na marubuci ne. Fim ɗin da aka ɗauka aiki ne daban, mai shi kuma shi ne wanda ya yi tanadin shirya shi, wato furodusa, sai idan an yi yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Tsawon ransu ma ba ɗaya ba ne. Haƙƙin fim yana ƙarewa shekara 50 bayan fitarsa. Na rubutu sai shekara 70 bayan rasuwar marubuci, idan kuma su biyu ne, daga rasuwar na ƙarshensu ake fara ƙirga. Ke nan rubutun da ma'aurata 'yan shekara talatin suka yi bana yana iya zama dukiyar jikokinsu.

Akwai kuma haƙƙin suna. Marubuci na da ikon neman a danganta masa aikinsa, da ikon ƙin yarda a gurɓata shi ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Wannan ba ya bin ciniki. Ko da an sayar da rubutun kacokan, muddin marubucin na raye, haƙƙin a kira shi marubuci yana hannunsa.

## Wa doka ke kira marubuci?

Aure ba ya mai da mutum marubuci, ba ya kuma hana shi zama. Abin da doka ke dubawa shi ne ko mutanen biyu sun yi aikin da niyyar haɗin gwiwa, kuma gudummawarsu ta cakuɗe ta zama abu guda wanda wani ɓangarensa ke dogara da wani. Idan haka ne, dukansu marubuta ne, dukansu masu mallaka ne.

Wahalar tana bakin iyaka. Doka ba ta kare tunani zalla. Matar da ta ce wa mijinta a kan tabarmar cin abinci, "Me zai hana ka yi fim a kan yarinyar da aka yi wa auren dole ta gudu Bukuru?" ba ta zama marubuciya da wannan ba, ko da fim ɗin ya karɓu. Haka shi ma mijin da aikinsa kawai buga abin da ta faɗa a kwamfuta, bai ƙara bai rage ba, magatakarda ne. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi: wadda ta gina halayen jarumai, ta tsara inda rikici zai ɓarke da inda zai lafa, ta naɗi maganganu a saƙon murya, amma ba ta taɓa kwamfutar ba ko sau ɗaya.

Wata shari'a da aka yi a Ingila ta taɓo daidai wannan wuri. Nicholas Martin marubucin fim ne, Julia Kogan kuma mawaƙiya ce. Ba aure suka yi ba, soyayya ce ta haɗa su a lokacin da ake rubuta wani fim da ya fito a 2016 da sunansa shi kaɗai. Bayan sun rabu ta ce da hannunta a ciki. Kotun farko a 2017 ta ba shi gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara a 2019 ta soke hukuncin ta ce a sake zama, tana mai nuna cewa ba wanda ya riƙe alƙalami kaɗai ake kallo ba, ginin labari da halayen jarumai ma gudummawa ce. A 2021 aka yanke cewa ita ma marubuciya ce, da kashi 20 cikin 100. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma kotunanmu kan duba irinsa idan suna neman haske. Abu biyu ne suka fito fili a shari'ar: mallakar haɗin gwiwa ba lallai ta zama rabi da rabi ba, kuma an ɗauki shekaru ana tonon tsofaffin saƙonni da kwafe-kwafen rubutu kafin a gane wa ya yi me.

Akwai wata sura da ta fi yawa a wajenmu. Matar ta riga ta rubuta littafinta ta sake shi a intanet, sannan mijin ya mayar da shi rubutun fim. A nan ayyuka biyu ne. Littafin nata ne ita kaɗai, kuma mayar da shi fim yana buƙatar izininta kamar yadda zai buƙaci na kowace marubuciya. Rubutun fim ɗin shi ne zai iya zama nasa ko nasu.

## Sa hannun mutum ɗaya

Wannan ne wurin da ya kamata kowane gida mai wannan sana'a ya tsaya a kai. Doka ta ce idan ɗaya daga cikin masu mallaka ya sayar da haƙƙin ko ya ba da izinin amfani da shi, ana ɗauka kamar abokin tarayyarsa ma ya bayar, kuɗin da aka karɓa kuma a raba bisa adalci, sai idan suna da wata yarjejeniya a tsakaninsu. Tsohuwar dokar ma haka ta ce.

Hikimar a bayyane take. Furodusa ba zai riƙa bin kowane gida yana tambayar wa ya taimaka wa marubuci ba, kasuwa na buƙatar sa hannun da za a dogara da shi. Amma sakamakon shi ne an mayar da dukkan nauyin cikin gida. Idan maigida ya sayar da rubutun a farashin da uwargida ba ta so, cinikin ya ɗauru, abin da ya rage mata shi ne ta nemi kasonta a wurinsa. Ita ma idan ta sayar, haka. A aikace kuwa an san wanda ya fi fita, wanda lambarsa ke wayar furodusa, wanda alat ke shigowa asusunsa.

Dokar ta kuma ce sayar da haƙƙi kacokan, ko ba wa mutum ɗaya izinin da ya keɓanta da shi, ba ya inganta sai a rubuce. Izinin da bai keɓanta ba ne kawai ake iya bayarwa da baki. Yawancin cinikin rubutun fim a wajenmu kuwa da baki ake yi, ko da 'yan saƙonni a waya. Ma'anar wannan ita ce furodusan da ya biya bai karɓi takarda ba, mai yiwuwa izinin yin fim kawai ya saya, rubutun na nan a hannun masu shi. Suna iya mayar da shi littafi. Gardama kuma na iya tashi kan wanda ke da ikon yin zango na biyu.

Ma'auratan da suka tsallake furodusa suka buɗe tasharsu a YouTube suna da tasu matsalar. Kamfanin na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka sa a dogayen bidiyo, yana kuma biya ne ta asusu ɗaya mai suna ɗaya, bayan kuɗin ya kai dala 100. Tasha na iya samun masu kula da ita da yawa, amma babban mai ita mutum ɗaya ne. Wanda imel da lambar wayarsa ke jikin tashar shi ke riƙe da makulli, ko da doka ta ce labaran da ke ciki na mutum biyu ne.

## Yadda abin ya kasance a wasu wurare

Ma'aurata marubutan fim sun daɗe a duniya. Frances Goodrich da Albert Hackett sun yi aure a 1931, suka shafe shekaru suna rubuta wa manyan kamfanonin Amurka finafinai, sau 4 ana sa sunansu a takarar Oscar, suka kuma ci kyautar Pulitzer a 1956 da wani wasan kwaikwayo. Kowannensu kan rubuta sin ɗin da kansa, su yi musaya, kowa ya soki na ɗan'uwansa, har a samu wanda suka yarda da shi. Sunayensu tare suke fita. A Ingila, Muriel da Sydney Box sun ci Oscar tare a 1947 a fannin rubutu, aurensu ya ƙare a 1969, amma ba wanda ya iya goge sunanta daga aikin da aka riga aka rubuta shi a jiki. Alma Reville kuwa, matar darakta Alfred Hitchcock tun 1926, an sa sunanta a wasu finafinansa, wasu da dama ta yi musu aiki ba a sa ba. Sai a 1979, wajen karɓar wata lambar girmamawa, ya bayyana wa taro cewa editarsa da marubuciyarsa da uwar 'yarsa duk ita ce.

Abin da ya taimaki na Amurka shi ne ƙungiyar marubutansu tana da ƙa'ida a kan suna. Mutum biyun da ke aiki a matsayin tawaga ana haɗa sunayensu da alamar &, waɗanda kuma suka yi aiki a rarrabe, wani bayan wani, ana raba su da cikakkiyar kalmar Turanci "and". Idan aka yi gardama ƙungiyar ce ke zama ta yanke. Tsarin yana da tsadarsa, domin a wajen biya ana lissafa tawagar mutum biyu a matsayin marubuci ɗaya, su raba. Ƙungiyoyin marubutan fim a Najeriya ba su kai ga irin wannan ƙarfin na tilasta wa furodusa ba tukuna.

A gida ma an ga yadda aure da sana'a ke haɗuwa su rabu. Funke Akindele da Abdulrasheed Bello, wanda aka fi sani da JJC Skillz, sun yi aure a 2016, suka ba da umarnin fim tare a 2020 wanda ya zarce duk finafinan Najeriya na lokacin kawo kuɗi a sinima, sannan aka sanar da rabuwarsu a Yunin 2022. Fim ɗin na nan da sunayensu biyu.

## Masu cewa a rubuta da masu cewa a bari

Masu adawa da rubuta takardar yarjejeniya tsakanin miji da mata suna da hujjar da bai kamata a raina ba. A ganinsu aure amana ne, kuma ranar da mace ta ce wa mijinta ya sa hannu, ta nuna masa ba ta yarda da shi ba. Suna ƙarawa da cewa kuɗin ai gidan yake komawa: da shi ake biyan haya da kuɗin makaranta da cefane, nauyin da shari'a ta ɗora wa miji. Idan za a yi lissafi, in ji su, a yi shi duka.

Akwai kuma masu duban sutura. Har yanzu a gidaje da dama ana yi wa harkar fim kallon da ba a yi wa rubutun littafi. Matar da iyayenta suka yarda ta yi rubutu ba lallai su yarda sunanta ya fito a allo kusa da na 'yan wasa ba. Ga irin wannan, ɓoye suna zaɓinta ne, kuma tilasta mata fitowa wata cutarwar ce.

Ɗaya ɓangaren na cewa suna shi ne jarin marubuci. Da shi ake neman aiki na gaba, da shi ake shiga takara a bukukuwa irin na Zuma da ake yi a Abuja, da shi ake neman tallafi ko gurbin horo. Matar da ta yi shekara goma tana rubutu da sunan mijinta, ranar da ta tsaya ita kaɗai a gaban furodusa sabuwar shiga ce, farashin sabuwar shiga kuma za a yi mata.

Abin lura shi ne fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu ya fi karkata ga wannan ɓangare fiye da yadda ake zato. Dukiyar mace tata ce, aure ba ya haɗe ta da ta miji, kuma aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta ce maza na da rabo daga abin da suka tsiwirwira, mata ma na da nasu. Risala ta halatta tarayya a aikin jiki idan mutum biyu na aiki a wuri ɗaya, aiki iri ɗaya ko mai kusanci da juna, malaman mazhabar kuma suka ce kowa ya ɗauka gwargwadon aikinsa. Mukhtasar, da yake lissafa hidimar cikin gida da ke kan mace, ya cire saƙa da kaɗi, domin su sana'ar neman kuɗi ce, ba a tilasta mata ta yi wa miji. Rubutun da za a sayar ya fi kama da wannan. Shi kansa haƙƙin marubuci, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙi ne da shari'a ke karewa. Ciyarwa kuwa wajibi ce a kan miji ko matar na da sana'a ko ba ta da ita, don haka ba za ta zama ladan aikinta ba. Idan ta ga dama ta bar masa kasonta da daɗin rai, kyauta ce halal. Amma sai mutum ya san abu nasa ne sannan kyautarsa ke da ma'ana.

Idan aka auna, hujjar masu cewa a bari tana aiki ne muddin ana zaman lafiya kuma kowa na raye, wato lokacin da dama ba a buƙatar takardar. Maganar sutura kuwa tana da mafita. Doka ta san da sunan alƙalami, marubutan intanet ma sun daɗe suna amfani da alkunya irin ta Maman wance ko Ummu wane. Ana iya sa wannan a allo, sunan gaskiya ya zauna a takardar da ke cikin akwati.

## Ranar saki da ranar rabon gado

Saki ba ya raba mallakar rubutu. Waɗanda suka rubuta tare suna nan a matsayin abokan tarayya bayan idda ta ƙare, ko sun so ko sun ƙi, har shekara 70 bayan rasuwar na ƙarshensu. Idan fim mai dogon zango ne da ake tsakiyarsa, tambayoyin sun fi zafi: wa zai ci gaba, wanda ya ci gaba zai riƙa ba ɗayan wani abu saboda jaruman da suka gina tare, kuma wa furodusa zai kira? Ga Kiristocin da suka yi auren rajista, Dokar Shari'o'in Aure ta 1970 ta ba kotu ikon raba dukiya yadda ta ga ya dace da adalci, amma a nan ma alƙalai kan nemi hujjar gudummawar da kowa ya bayar.

A gado ne lissafin ke fitowa ƙarara, domin doka ta ɗauki haƙƙin mallaka a matsayin dukiyar da ake gada. A ƙaddara rubutun da suka yi rabi da rabi ya kawo naira 1,000,000 bayan rasuwar mijin, akwai 'ya'ya, babu bashi babu wasiyya. Idan an san da hannunta, naira 500,000 tata ce tun asali, ba ta shiga gado. A sauran ne za ta ɗauki tumuninta, naira 62,500, ta tashi da 562,500. Idan kuwa sunansa kaɗai ke jiki kuma ba ta da hujja, duka kuɗin ya zama gado, rabonta naira 125,000. In akwai kishiya su raba wannan ɗin, kowa 62,500, wadda ta yi rubutun da wadda ba ta san an yi ba.

Idan ita ce ta riga shi, waɗanda ke asara su ne magadanta. Mahaifinta da mahaifiyarta kowannensu na da sudusi a abin da ta bari idan tana da 'ya'ya. Muddin ba a san kason nata ba, haƙƙinsu zai zauna a hannun surukinsu, mai yiwuwa shi kansa bai san yana riƙe da abin wasu ba. Wannan ya sa batun ya wuce maganar yarda tsakanin mutum biyu.

Ga kuma wahalar kotu. Tsarin mulkin 1999 ya keɓe shari'ar haƙƙin mallaka ga Babbar Kotun Tarayya, gado kuma yana gaban kotunan da ke sauraron shari'ar aure da gado, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Filato. Bazawarar da ke son tabbatar da cewa ita ma marubuciya ce tana iya samun kanta tana zirga-zirga tsakanin kotu biyu, a kan kuɗin da wataƙila bai kai na lauya ba. Shi ya sa da yawa ke haƙura, ko su kai kuka wurin dattawan ƙungiya irin MOPPAN ta masu sana'ar fim a yi sulhu.

## Abin da ya shafi furodusa da masu shigowa

Furodusa ma ba a gefe yake ba. Sa hannun mutum ɗaya na iya ɗaure ciniki, amma ba ya kashe haƙƙin suna, don haka wadda aka bar sunanta a baya na iya tasowa bayan fim ya fita ta nemi a gyara. Manyan masu sayen finafinai, musamman kamfanonin da ke haskawa a intanet, kan nemi takardun da ke nuna yadda haƙƙi ya taso daga marubuci zuwa furodusa kafin su biya. Fim ɗin da aka gina a kan cinikin baki yana iya tsayawa a nan. Tambaya ɗaya a ranar biyan kafin alƙalami, "Malam, kai kaɗai ka rubuta ko da Hajiya?", tana rage wannan haɗarin, sannan a karɓi sa hannun duk wanda aka ambata.

Ga ma'auratan kuwa, abin da ake buƙata bai wuce shafi ɗaya ba: sunan aikin, wanda ya kawo labari da wanda ya tsara, kason kowa, sunan da za a sa a allo, ko ɗaya na iya sayarwa ba da sanin ɗayan ba, da wanda zai ci gaba da zango idan tafiya ta rabu. Kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu, ya ajiye kwafinsa. Tsofaffin kwafen rubutu da saƙonnin murya a tura su imel, domin waya na ɓata, ana kuma sayar da ita.

Ayyukan da suka riga suka fita da suna ɗaya ma ana iya gyara su. Wanda sunansa ke jiki zai iya rubuta amincewa cewa aikin na su biyu ne, ya faɗi kason kowa, a kuma ƙara sunan a bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon idan a YouTube yake. Irin wannan takarda ba ta buƙatar lauya kafin ta zama hujja, amma idan kuɗin da ke ciki na da yawa, ko akwai kamfanin da aka yi wa rajista da sunan mutum ɗaya, gara lauya ya duba ta kafin a sa hannu.